Gidan Rina: Mulkin Mata Zalla a Ƙarƙashin Jinkar Rumbu

Da kaka ta kama a ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji, aka shiga ɗaurin damman hatsi, magidanci yakan leƙa rumbunsa ya share kafin sabon gero ya shigo. A nan yake yawan cin karo da baƙin da suka riga shi tarewa. Gidan rina ne, launin toka, rataye a ƙarƙashin jinka da ɗan siririn wuya, ƙofofinsa suna kallon ƙasa. Shari'ar ba ta ɗaukar lokaci. A ɗaura tsumma ko busasshiyar ciyawa a bakin sanda, a ƙyasta ashana, kafin ka ce kwabo an gama. Wanda rina ta taɓa harbi a fatar ido ba ya tsayawa neman shawara.

Abin da wutar ke lashewa kuwa gida ne mai tsari, wanda masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna zaune a gabansa da takarda da alƙalami. Duk wadda ke kan saƙar nan tana da matsayinta, ta kuma san na kowace. Akwai mai yin ƙwai, akwai mai bi mata, akwai wadda rabonta kullum shi ne fita cikin rana neman abinci. Dukkansu mata ne. Namijin rina ba shi da ƙari, ba ya harbi, ba ya farauta, ba ya gini. Yakan bayyana bayan gida ya yi ƙarfi, ya ci abin da aka kawo, ya fita neman barbara, labarinsa ya ƙare.

Kada a haɗa ta da zanzaro. Zanzaro gwauruwa ce mai zaman kanta: ta kwaɓa laka, ta gina ɗaki a jikin bango, ta cusa tsutsa ko gizo-gizon da ta sumar da harbi, ta yi ƙwai, ta liƙe ƙofa, ta kama gabanta. Ba ta taɓa ganin 'ya'yanta. Rina ita ce mai zaman taro. Doguwar nan mai siririn ƙugu, ja-ja ko baƙi-baƙi, da ke laɓe a zaure da rumfa da ƙarƙashin kwano a duk faɗin Afirka kudu da Sahara, masana suna kiran danginta Belonogaster, kuma wadda aka fi nazari a cikinsu ita ce Belonogaster juncea. Da busasshen itace da zaren tsirrai take gini. Ta kankaro da baki, ta tauna da yawu, ta shimfiɗa shi ya bushe ya zama takarda.

Da ƙudan zuma ma akwai babban bambanci, kuma a nan ne labarin yake. Sarauniyar zuma tun tana tsutsa ake ware ta, a ba ta abinci na daban, ta fito da jiki na daban. Ma'aikaciyar amya ba ta da hanyar zama sarauniya ko da za ta shekara tana faɗa. A gidan rina babu wadda aka haifa da sarauta. Jikinsu kusan iri ɗaya ne, kuma kowace tana da halittar yin ƙwai. Saboda haka tambayar wa za ta haifa, wa za ta yi bauta, ba a warware ta a cikin ƙwai ba. A fili ake warware ta, da ƙarfin tuwo.

Yadda ake zama uwargida

Mace guda da aka yi wa barbara ita ke fara ɗora harsashi. Ta manna wuyan gidan a jikin azara, ta gina ɗakuna biyu ko uku, ta sa ƙwai ɗaya a kowane. Ba a jimawa sai wasu su zo su same ta, galibi waɗanda suka tashi gida ɗaya da ita. Kwanakin farko ba su da daɗi. Biyu su miƙe a kan ƙafafun baya, su rungumi juna, kowace tana neman ta danne 'yar'uwarta, ana cizo, ana lanƙwasa ciki ana neman wurin soka ƙari. Wani lokaci su ɓallo daga saƙar su faɗo ƙasa a sarƙe, can ma ba su saki juna ba.

Daga ranar da aka san wadda ta yi nasara, faɗa sai ya koma alama. Mai rinjaye ta tunkaro da kai a sama, tana bugun ɗayar da siraran ƙahonninta, ta hau bayanta ko ta ɗan tauni fiffikenta. Wadda aka fi ƙarfi ta sunkuyar da kai, ta kwantar da ƙahonni, ta lafe a jikin saƙa ba motsi. Sau da yawa har takan amayo ɗigon abinci ta miƙa. Kalmar da ta fi dacewa da mai rinjayen nan ita ce uwargida, sai dai gida ne da babu maigida, babu rabon kwana, kuma ba wadda ta fara shigowa ce dole take riƙe da shi ba.

Uwargida ba ta cika barin gida ba. Tana zaune a fuskar saƙa, inda ƙwai da tsutsotsi suke, tana zagayawa tana cusa kai ɗaki-ɗaki. Idan ta tarar da ƙwan da ba nata ba, sai ta cinye shi ta sa nata a gurbin. Wadda ta dawo daga jeji da nama, ita take fara tara. Sannu a hankali jikinsu ma sai ya bi matsayinsu: jakar ƙwan uwargida ta cika ta batse, ta na ƙasa da ita ta tsotse. Ta biyu tana danne ta uku, ta uku tana danne ta huɗu, haka har zuwa ta ƙarshe, wadda ba ta da kowa a ƙarƙashinta.

Ba a kan ƙwari aka fara gano irin wannan jeri ba. A kan kaji ne. Wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake lura da kajin gidansu, shi ya bayyana a farkon shekarun 1920 cewa kowace kaza ta san wadda za ta tsattsaga da wadda za ta kauce wa. An ɗauka wannan sai dabba mai ƙashin baya da ƙwaƙwalwar kirki. Sai ga wani matashi ɗan Italiya, Leo Pardi, a birnin Pisa a shekarun 1940, yana ɗiga wa rinar Turai mai suna Polistes fenti a baya don ya bambance su, yana rubuta wa ta danne wa. A 1948 ya buga sakamakonsa a wata mujallar kimiyya ta Amurka, ya nuna jerin a miƙe yake, kuma yana tafiya daidai da girman jakar ƙwai. Ya kira ta sama alfa, mai bi mata beta. Ba kowa ya yarda ba. Wani masani Bafaranshe, Deleurance, ya daɗe yana musun cewa ƙwaro zai iya sanin matsayi. Lokaci ya ba Pardi gaskiya.

Amma tun kafin Pardi, rinar Afirka ta riga ta shiga littafi. Émile Roubaud, masanin Cibiyar Pasteur da aka turo Kwango da Afirka ta Yamma don binciken ƙudan tsando da ciwon barci, ya riƙa kallon gidajen Belonogaster a inda yake sauka. A 1916 ya bayyana wani abin mamaki. Babbar rina ba ta iya haɗiye nama saboda ƙuncin ƙugunta, sai ta tauna ta ba tsutsa, ita kuma tsutsar ta fito da yawu mai zaƙi babbar ta lashe. Roubaud ya yi zaton kwaɗayin wannan yawu ne ma asalin zaman taron rina. Yau ba a tafi a kan haka ba, amma musayar tana nan yadda ya gan ta. Shi kansa Pardi daga baya ya waiwayo Afirka, shi da abokiyar aikinsa Marino Piccioli suka yi nazarin wata Belonogaster ta ƙasar Somaliya.

Ƙidaya mafi kusa da mu daga Kamaru ta fito. Maurice Tindo da Alain Dejean sun bi gidajen Belonogaster juncea da ke rataye a jikin gine-ginen Yawunde, suka buga abin da suka gani a shekarar 2000. Kusan kashi 70 cikin ɗari na duk nunin ƙarfin da suka ƙirga rungumar kokawa ce. Kafin 'ya'yan farko su ƙyanƙyashe, uwargida ce ke tsokano fiye da kashi 80 cikin ɗari na rigimar gidan. Bayan gida ya cika sai kasonta ya sauko zuwa kusan rabi, domin a lokacin na tsakiya ma sun samu waɗanda za su taka. Abin da ya fi jan hankali shi ne mummunan faɗan nan na faɗowa ƙasa. Ba a ganinsa a zaman yau da kullum. Bayan kwanakin farko, sai uwargida ta mutu ko ta ɓace yake sake tashi, ya yi 'yan makonni, sabuwa ta zauna daram, gida ya lafa. Gida ɗaya yakan ga uwayen gida da dama, wata bayan wata, kafin ya watse.

Me ya hana ta tafi?

Ga tambayar da ta daɗe tana cin masana. Mace lafiyayya, mai iya gina nata gidan, mai iya yin nata ƙwan, don me za ta zauna ana hawa bayanta, ana cinye ƙwanta, tana ciyar da 'ya'yan wata?

Amsar farko ta zo a 1964 daga wani Baturen Ingila, William Hamilton. A wurin rina da zuma da tururuwa, ƙwan da ya haɗu da maniyyi shi ke zama mace, wanda bai haɗu ba ya zama namiji. Wannan ya sa 'yan mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suke tarayya a kashi uku cikin huɗu na gadon halitta, alhali uwa da 'yarta rabi kawai suka haɗa. Wato mai renon ƙannenta ba asara take yi ba, jininta take yaɗawa ta bayan gida. Lissafin ya yi kyau, ya kuma zauna a littattafai shekara da shekaru.

Sai dai da aka samu hanyar gwajin ƙwayar halitta, lissafin ya fara yoyo. A shekarar 2000 David Queller da Joan Strassmann da abokan aikinsu suka gwada gidajen Polistes a Italiya, suka tarar kusan kashi 35 cikin ɗari na matan da ke zaune tare ba su haɗa komai ba. Bare ce take yi wa bare bauta. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A 2011 Ellouise Leadbeater da Jeremy Field suka bi ɗaruruwan gidaje a kudancin Sifen tun daga kafuwa har watsewa, suka gano sirrin: gado. Wadda ta kafa gida ita kaɗai, duk ranar da ta fita kiwo tsuntsu ya cafke ta, 'ya'yanta sun mutu da yunwa ko tururuwa ta kwashe su. Wadda ta haƙura ta zauna ƙarƙashin wata tana da damar uwargida ta riga ta mutuwa, ta gaji gida ginanne da ma'aikata. Da aka yi jimilla, matsakaiciyar mai jiran gado ta fi mai zaman kanta yawan 'ya'ya. Tindo da abokansa ma sun ga makamancin haka a Kamaru: gidan da mata da yawa suka kafa ya fi na mace ɗaya kaiwa ga ƙyanƙyasa.

Idan haka ne, jerin nan layi ne na jira, kuma kowace ta san inda take tsaye a cikinsa. Field ya gwada wannan a Maleshiya a kan wata ƙaramar rina da ke bin layi bisa shekaru. Ya riƙa cire na gaba don na baya su matso. Duk wadda ta ga ta kusa kaiwa sai ta rage fita farauta, ta fara tattalin ranta. Na can baya, waɗanda ba su da tsammanin komai, su ke kashe kansu da aiki. Mai neman darasin zumunci a gidan rina ya yi hattara: haƙurin nan da ake gani, rabinsa lissafi ne.

Ba ko'ina ake mulki da duka ba. A birnin Bangalor na Indiya, Raghavendra Gadagkar ya shafe fiye da shekara arba'in a kan wata rina mai suna Ropalidia marginata, wadda danginta suna nan Afirka. Uwargidan wannan ba ta cizon kowa. Shiru-shiru ce, sai dai ta riƙa goga cikinta a jikin saƙa tana barin wani sinadari da ke shaida wa kowa tana nan da ranta. Cire ta ke da wuya, cikin mintuna wata daga cikin ma'aikata za ta rikiɗe ta bi kowa da duka, babu mai rama mata, bayan kamar mako guda ta huce ta fara ƙwai. Masu binciken sun kasa faɗin wadda za ta gada kafin a cire ta sama, amma 'yan gidan sun sani, domin ba a taɓa jayayya. A 2012 Gadagkar da ɗalibinsa Alok Bang suka riƙa cire magajiya bayan magajiya har biyar, kowane karo wata ta taso ba gardama.

Ta yaya suke gane juna? Da wari, mafi yawa, domin jikin kowace yana ɗauke da wani maiƙo da ke faɗin gidansu da ko tana ƙwai. Amma Elizabeth Tibbetts, wadda daga baya ta koma Jami'ar Michigan, ta nuna a 2002 cewa wata Polistes ta Amurka da fuska take gane 'yan gidansu. Da ta sauya wa wata zanen fuska da fenti ta mayar da ita, sai aka tarbe ta da faɗa har sai da aka saba da sabuwar kamar. A wani nau'in kuma, ɗigon baƙi da ke fuska shi ke shelar ƙarfi. Tibbetts da James Dale suka zana wa raunana alamar ƙarfafa a 2004. Ƙaryar ba ta yi riba ba, waɗanda aka yi wa kwalliyar sun fi kowa shan wahala a hannun abokan karawarsu.

Abin da ya shafi manomi

Mai gona a Tibiri ko Gangara zai ce to, ina ruwansa da rikicin gadon rina? Ruwansa yana wurin na ƙasan layi. Su ne ke fita, kuma abin da suke nema tsutsa ce. Rina takan sauka a kan ganye, ta cafke tsutsa, ta tauna ta, ta dunƙule naman ta tashi da shi. Kowane ɗaki mai rai a saƙar nan baki ne da ake cikawa kullum, kuma daga gonaki da lambunan da ke kusa ake cika shi.

Manoman jihar Maradi ba baƙi ba ne ga aiki da ƙwaro a kan ƙwaro. Murzuna, tsutsar da ke huda zangarniyar gero tana bin ta a murɗe, ta sha cinye wahalar damina guda. Tun daga 2006, ƙarƙashin wani shiri da ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso, masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi, cikinsu har da Ibrahim Baoua wanda daga baya ya koma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, suka riƙa raba wa ƙauyuka 'yan ƙananan buhunan algarara. A cikin kowane akwai ɗan gero, da tsutsotsi 25, da mata biyu na wata 'yar mitsitsiyar dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. A rataye buhu 15 a gari, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fice ta ramukan buhun, su bazu cikin gonaki suna sumar da murzuna suna yi mata ƙwai a jiki. Wannan ba ta da gida, ba ta da uwargida, ba ta harbin mutum, shi ya sa ta samu karɓuwa da wuri.

Babbar 'yar'uwarta mai harbi ita ce ba a ba dama ba. A 2019 Robin Southon da Seirian Sumner na Landan, tare da masana na Birazil, suka saki wata rina mai zaman taro a kan masara da rake da aka sa wa tsutsa. Rinar ta rage tsutsar, ta rage ɓarna, har tana kutsawa cikin kunnen masara tana zaƙulo wadda ta ɓuya. Tsutsar masarar da aka yi gwajin da ita kuwa ita ce wadda ta ɓullo a Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, ta game Afirka cikin 'yan shekaru, Nijar ma ba ta tsira ba.

Akwai kuma abin da ƙasar nan ta riga ta yi wa rina ba da niyya ba. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maradi a 1983, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa, ya mayar da gawo da kalgo da sabara cikin gonaki, a faɗin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Itace a gona wurin rataye gida ne, wurin kankaro kayan gini ne, furensa kuma abincin manya ne. Feshin maganin ƙwari shi ke warware wannan. Ba uwargida yake fara kashewa ba, tunda tana gida. Mafarautan yake samu a kan ganyen wake da masara. Idan suka ƙare, tsutsotsin saƙa su bushe da yunwa, gida ya mutu a tsaye ba tare da kowa ya kunna wuta ba.

Ba wanda zai ce a bar gidan rina a ƙofar ɗaki, ko a makarantar allo, ko a bakin rumbun da mata ke shiga kullum ɗibar hatsi. Ƙarin rina ba ya maƙalewa a fata kamar na zuma, don haka guda ɗaya tana iya harbi sau da yawa, kuma wanda aka harba ya ji numfashinsa yana sarƙewa ko fuskarsa da leɓɓansa suna kumbura, a garzaya da shi asibiti ba jira. Irin wannan gida a cire shi, da dare ko da asuba lokacin da suke lafe. Amma wanda ke can a reshen kalgo a gefen gona, ko a bayan rumfar lambu inda ba hanyar kowa ba, ƙona shi asara ce tsagwaronta. Malaman gona na Agye, Gazawa da Gidan Rumji da suka iya shawo kan manoma su rataye buhun ƙwari a gonakinsu, su ƙara wannan a cikin huɗubarsu ta damina mai zuwa, ɗaliban sashen noma na jami'ar Maradi kuma su ɗauki fenti da littafi su fara ƙirga tsutsa nawa gidan rina ɗaya yake kwashewa daga gonar wake a yini.